Rumfar Kilishin da Ta Rasa Mai Ita

Zango, Kwatano
Ranar Lahadi

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kin isa Kandi lafiya, gajiyar mota kuma ta sake ki. Yaya mai jego, Yaya Ramlatu, da ɗan baƙonmu? Allah Ya raya shi, Ya ba uwarsa lafiyar shayarwa. Mu nan duk ƙalau muke. Baba ma lafiya, sai dai ƙorafin da yake yi kullum cewa miyata ba ta kai taki ba, amma kwanon fes yake dawowa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Na san idan na aiko saƙon murya, a tsakar gida za a kunna shi, har surukan Yaya Ramlatu su ji sirrinmu. Shi ya sa na koma ga rubutun Hausar da kika zo da shi daga Birnin Kebbi kika cusa mini da jan kunne. Yau ga ranarsa ta zo.

Inna, albishirinki. Kin tuna kilishin da na ƙulla a leda mai kyau, na manna masa suna, Baba yana cewa na sa wa nama rigar Sallah? To, shi na hau zem, babur ɗin hayar nan, na kai wani babban otal a unguwar Kajehun. Mai kula da kicin ɗinsu ya ɗanɗana, ya sake gutsura, ya kira na sama da shi. Kafin in fito sun ce suna so duk mako. Wallahi da na fito ban san na wuce wurin tsayawar zem ba, tafiya kawai nake ina murmushi ni kaɗai. Ni Labiba, wadda ake cewa karatun lissafinta bai iya ko feɗe akuya ba!

Sharaɗinsu ɗaya ne. Ba sa biya hannu da hannu, sai ta banki, kuma a asusun da ke ɗauke da sunan kasuwancin. Sun ba mu zuwa ƙarshen wata, in ba mu kawo ba su bai wa wani mai kilishi a Avotru.

Na je bankin ranar Alhamis. An haɗa ni da wata mata, Madam Dossou, mai fara'a amma ba ta tsallake layi ko ɗaya. Tambayarta ta farko ita ce, wane irin kasuwanci ne namu a idon doka. In na mutum ɗaya ne, wanda suke kira etablisma, to sunan mutum ɗaya za a rubuta, shi ke da riba shi ke da asara. In na haɗin gwiwa ne, sosiyete, sai an rubuta sunan kowa da kasonsa, a kuma faɗi wanda zai riƙa sa hannu. Na ciro tsohuwar takardar rajistar nan ta cikin akwatin Baba ina taƙama. Ta duba, ta tambaye ni wane ne Alhaji Muhuyi. Na ce ubangidan su Baba ne, ya rasu tun ina goye. Ta cire tabarau ta ce mini, Allah Ya ji ƙansa, amma mamaci ba ya buɗe asusu.

Sai na zauna na ba ta tarihi. Na ce Baba da Baba Mounkaïla duk yaran marigayin ne, ɗaya haifaffen Zango, ɗaya ya zo daga Gaya ta Nijar da 'yar jakarsa a kafaɗa. Da marigayin zai rasu ya bar musu rumfar a gaban 'ya'yansa, bai ce wannan ne babba ba. Shekara talatin da wani abu ke nan suna yanka tare, suna shanya tare, suna cin abincin rana a tire ɗaya. Na gaya mata yadda suke rabo: da yamma ɗaya ya juya baya, ɗayan ya kasa ragowar nama da abin da aka samu kashi biyu, sannan wanda ya juya ya waiwayo ya zaɓa. Gobe kuma a sauya. Mai zaɓi ba ya gyara kashi, mai kasawa ba ya ƙorafin abin da aka bar masa. Madam ta ce ba ta taɓa jin tsari mai kyau irin wannan ba, sai dai babu gurbinsa a takardarta. Ta ce za ta zo ta ga rumfar da idonta, domin aikinta ne ta tabbatar da ainihin mai kasuwanci kafin a buɗe.

Ni ban ga abin tsoro ba. Rumfarmu tsaf take, har sabuwar raga na sa saboda ƙuda. Ki taya mu da addu'a.

Ki gaishe mini da Yaya Ramlatu da maigidanta, ki shafa mini kan jariri.

'Yarki mai alfahari da ke,
Labiba

*

Zango, Kwatano
Ranar Talata

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kuna lafiya, hayaƙin ruwan wankan jego bai dame miki ido ba. Saƙon daddawa ya iso, mun gode, Allah Ya ƙara girma.

Inna, abin da mutanenki suka yi, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Madam Dossou ta zo ba sanarwa, ni kuma ina kasuwar Sam-Mishel sayen citta da barkono. Ta tarar da Baba yana tsoma nama a labu, kwaɓin ƙuli da yajin nan. Ta gaishe shi, ta tambaye shi ko shi ne mai rumfar. Baba ya ce a'a, shi ɗan tsaro ne kawai, mai rumfa yana baya wajen shanya. Ta zagaya ta sami Baba Mounkaïla, ta yi masa tambayar. Ya dafa ƙirji ya ce subhanallahi, shi wa, shi ai yaron Wada ne, wato Baba, abin da aka sa shi yake yi. Ta fito ta tambayi tela na kusa da mu, ya nuna mata allon da ke sama ya ce rumfar marigayi Alhaji Muhuyi ce. Ta ƙarasa wurin mai shayi, shi kuma ya ce mata komai na Allah ne.

Kowannensu ya koma gida yana jin ya yi ladabi. Baba har yaba wa kansa yake, wai ya nuna wa baƙuwa tarbiyyar Zango.

Washegari ta kira ni ofis, fuskar nan babu fara'a. Ta ce ta je wurin da ake kasuwanci sosai, amma duk wanda ta tambaya ya ce ba nasa ba ne. A aikinsu, in aka ga haka, ana zaton akwai wani babba da ya ɓuya a baya yana wanke kuɗin haram da sunan talakawa. Inna, Baba fa! Mutumin da in ya tsinci dala a hanya sai ya kai masallaci an yi cigiya. Na yi mata rantsuwa cewa a wurinmu dattijo ba ya buɗe baki ya ce abu nasa ne alhali abokinsa na raye a kusa, kunya ce. Ta ce ta yarda da ni, amma manyanta takarda suke karantawa, ba su san kunya ba. Ta ajiye dosiyenmu, wato fayil ɗin takardunmu, gefe har sai mun kawo sabuwar rajista da ta faɗi mai rumfar.

Nan ne abin ya lalace. Da na koma, na zaunar da su biyun bayan La'asar, na ce hanya mafi sauri ita ce a rubuta sunan Baba shi kaɗai, tunda shi ɗan ƙasa ne takardunsa a shirye suke, Baba Mounkaïla kuma a sa shi a matsayin ma'aikaci, a takarda kawai. Ƙarshen wata nake hange, ban dubi fuskar kowa ba. Baba Mounkaïla ya yi murmushi ya ce ai daidai ne, dama shi yaro ne. Na jira Baba ya ce wani abu. Ya sunkuyar da kai yana wasa wuƙa.

Ran nan Baba Mounkaïla ne ke da kasawa. Baba ya juya baya kamar kullum, ya tsaya, ya tsaya. Da ya waiwayo babu kashi a kan tebur. Baba Mounkaïla ya ce ma'aikaci ba ya rabo da maigida, a ba shi abin da aka ga dama. Tun daga ranar bai sake sa hannu a tiren Baba ba, sai ya sayi wake da shinkafarsa ya koma bayan shanya. Jiya matarsa ta raɗa mini cewa yana tambayar kuɗin motar Gaya, wai tsufa ya zo, gara mutum ya mutu a garinsu.

Na sami Baba na ce ya faɗa masa rabi nasa ne mana. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce in ya ce ya ba Mounkaïla rabi, ya nuna ke nan duka nasa ne yake yin kyauta, kuma wannan ya fi shirun muni. Tun daga nan abinci ma kaɗan yake taɓawa.

Inna, otal ya fita raina. Tsorona kada a ce 'yar boko ta kawo takarda ta raba abin da ya girme ta. Mutumin nan shi ya riƙa goya ni a wuya zuwa makarantar allo, shi ya fara kirana Mai Biro. In ya hau motar Gaya saboda bakina, ban san da wane ido zan dubi 'ya'yansa ba. Ki ba ni shawara, ke kika fi kowa sanin taurin kan mijinki.

Ina gaida kowa da kowa.

Taki cikin damuwa,
Labiba

*

Zango, Kwatano
Ranar Asabar

Zuwa ga Innata mai hangen nesa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa irin ta 'ya da uwa, da fatan kin tashi lafiya, mai jego tana samun ƙarfi, yaro kuma yana tsotso sosai. Direban motar Kandi ya kawo amsarki ranar Alhamis. Na buɗe ina tsammanin shafi guda, sai na ga layi biyu: in daina tambayarsu da baki, mutanen nan da hannu suke magana. Na ji haushi da farko, ba zan ɓoye miki ba. Sai da na kwana na tashi na gane.

Na koma wurin ma'aikacin da ke rubuta takardun kafa sosiyete, ya ce ana iya yanka kasuwancin gida ɗari, kowa a rubuta yawan nasa. Da na ji ɗari sai dabara ta faɗo mini. Na wuce wurin masu goro na sayi ƙwarya guda, goro ɗari cif, fari da ja, na zaɓi manya.

Jiya Juma'a bayan an sauko masallaci na shiga rumfa. Baba na gaba yana korar ƙuda, Baba Mounkaïla na baya yana juya kilishi a kan raga, kin san danshin Kwatano ba ya barin nama ya bushe da kansa. Na share teburin yanka, na shimfiɗa ganye, na juye goron. Na durƙusa na ce ina neman gafara kan maganar da na yi, ƙuruciya ce. Na ce gwamnati ba ta ce sai wani ya ba wani ba, cewa ta yi a kasa rumfar gida ɗari, ga ɗarin nan a kan tebur. Ni ban iya kashi ba, kuma a iya sanina akwai kasawar da aka bari ba a yi ba tun ranar da na yi maganar nan.

Sai Baba ya ajiye mafici, ya miƙe, ya juya mana baya, ya harɗe hannu yana kallon titi. Haka ya tsaya, zem na wucewa, masu gaisuwa na gaishe shi, bai ko motsa ba.

Baba Mounkaïla ya daɗe yana kallon bayan nan. Daga baya ya wanke hannu, ya goge a gefen riga, ya matso. Na ji ƙarar goro yana gangarawa a kan katako. Ni ma kaina a ƙasa yake, ban iya kallo ba. Da ya gama ya buga tebur sau biyu da yatsa, yadda suke yi.

Baba ya waiwayo, ni ma na ɗaga kai. Inna, kashi uku ne a kan tebur. Biyu manya daidai wa daida, ɗaya ƙarami a tsakiya.

Baba ya dubi kashin, ya dubi abokinsa. Kin san doka, mai zaɓi ba ya gyara. Sai ya miƙa hannu a hankali wajen ƙaramin, wai shi zai ɗauka. Baba Mounkaïla ya make masa hannu da bayan wuƙa ya ce, “Kai Wada, ji tsoron Allah, wannan na Mai Biro ne.” Baba ya fashe da dariyar da rabona da jinta tun kafin ki tafi, ya ja babban kashi ɗaya gabansa. Arba'in, arba'in, ashirin.

Na ce ban cancanta ba, ban taɓa yanka ko tsoka ɗaya ba. Baba Mounkaïla ya ce su sun iya yin kilishi, amma shekara talatin bai taɓa tsallake kwalta ya shiga Kajehun ba sai da na ɗauke shi. Ya ce kuma sa hannun ma ni zan riƙa yi, don in aka bar su, kowa zai ce ɗan'uwansa ya fara sawa har banki ya tashi. Na dubi Baba. Cewa kawai ya yi in kwashe kayana daga kan tebur, ana jiran wuri. Amma na ga yana goge ido da hular da ya cire, wai hayaƙi.

Da aka kawo abinci, tire ɗaya aka sa. Ban san lokacin da na shige bayan shanya na yi kukana ba.

Saura takardu, kuma wata ya yi nisa. Baba Mounkaïla zai je ofishin jakadancinsu ya sabunta katinsa ranar Litinin. 'Ya'yan marigayi sun yarda mu ci gaba da amfani da sunan mahaifinsu, babban har ya ce zai rubuta mana shaida. Ki ci gaba da addu'a, ta fi komai kama mu.

A gaida Yaya Ramlatu, a ce mata ƙanwarta ta zama mai hannun jari, ta fara gaishe ni da safe.

'Yarki,
Labiba

*

Zango, Kwatano
Ranar Laraba

Inna abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina miƙa gaisuwa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma shirin dawowa ya fara kankama, don gida ya yi mana faɗi. Wannan gajeriya ce, direba na jira.

Rajista ta fito. Sunaye uku ne a ciki, kowanne da kasonsa, a ƙasa kuma an rubuta ni ce jerant, wato mai gudanarwa. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga. Na kai wa Madam Dossou, ta bi shi layi-layi da bakin alƙalami, ta gwada sunaye da katunanmu, ta duba lambar haraji, ba ta sami abin gyara ba. Duk da haka ta ce sai ta sake zuwa, tunda a rahotonta na farko rumfar ba ta da mai ita.

Ta zo jiya da hantsi. Wannan karon ina nan, amma na ja gefe na kama bakina. Tela ya leƙo, mai shayi ya bar tukunyarsa, har masu zem suka tsaya. Ta tsaya a gaban tebur, su biyun suna tsaye kafaɗa da kafaɗa cikin wankakkun riguna, ta yi tambayarta ta ran nan: rumfar nan ta wace ce?

Baba ya dubi Baba Mounkaïla. Baba Mounkaïla ya dubi Baba. Na ce a raina shi ke nan, za a koma gidan jiya. Na ga Baba Mounkaïla kamar wanda aka ce ya ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa. Sai ya gyara tsayuwa, ya ɗora hannu ɗaya a kafaɗar Baba, ya nuna ni da ɗayan, ya ce da ƙarfi yadda duk layin ya ji:

“Tamu ce.”

Inna, shekara talatin da wani abu yana cikin rumfar nan, jiya ne ya fara faɗin haka. Baba ya gyaɗa kai ya maimaita. Madam ta rubuta, ta rufe dosiye, ta sayi kilishi na gidanta, ta ƙi karɓar kyauta.

An buɗe asusu yau da safe, ni na sa hannu. Gobe za mu kai kayan farko Kajehun. Na ce zan hau zem in kai, Baba Mounkaïla ya ce a'a, tasi za a ɗauka, mu uku za mu je, yana so ya ga inda ake cin kilishinsa da cokali mai yatsu. Maganar Gaya kuwa, ya ce sai da Babbar Sallah, ziyara, ya dawo.

Za ki ga ƙullin ganye a cikin ambulan. Goro biyar ne daga cikin kashina. Na riƙa yayyafa musu ruwa kullum don kada su bushe kafin su iso gare ki. Ki ba Yaya Ramlatu ɗaya, sauran naki ne ke kaɗai, kada ki raba wa kowa. Ban taɓa ba ki abin da yake nawa na kaina ba sai yau.

Baba yana gaishe ki. Baba Mounkaïla ya ce a gaya miki ki dawo da wuri, miyar tiren ta gaji da hannun 'yan boko.

Allah Ya dawo mana da ke lafiya.

'Yarki har kullum,
Labiba Mai Biro